DARIYAR DA TA RIGA FARFESA

Shafi na 27

"Ka gaya mata?"

Dakta bai juyo ba. Yana tsaye gaban madubi yana kokawa da maɓallin wuyan rigarsa, maɓallin yana zille masa kamar shi ma haushinsa yake ji.

"Da kai nake, Abban yara. Yarinyar da za a gurfanar yau, ka gaya mata kai ne?"

"Ban samu dama ba."

Matarsa ta kafe dutsen guga a tsaye, ta fizge wayar dutsen daga bango. Farar rigarta ta asibiti na shimfiɗe kan tebur, hannu ɗaya a goge, ɗaya a cukurkuɗe.

"Ba ka samu dama ba. Kullum tana zaune a gabanka a aji, amma ba ka samu dama ba."

"Sista, don Allah ki bar ni in ji da abu ɗaya."

"Kada ka Sista ni, ba a asibiti muke ba. Ubana ka ɗauka ka kai gaban baƙi ka yi wasan kwaikwayo da shi. Wannan tsakanina da kai ne, kuma ba mu gama ba, ajiyewa na yi. Jiya na je gida, Mama ko kallon kirki ba ta yi min ba. Baba kuwa ya kulle kansa a ɗakin karatu, abincinsa har ya huce a bakin ƙofa. Da ya buɗe min, ka san abin da ya tambaye ni?"

Dakta ya ci gaba da kokawa da maɓallin.

"Cewa ya yi, 'Ke ma dariyar da kike yi min tun kina 'yar mitsitsiya, ta tausayi ce?'"

Maɓallin ya tsinke ya faɗi, ya gangara ƙarƙashin gado. Dakta ya bi shi da ido. Ya ji da ma shi ne.

Daga falo 'yar autarsu ta ƙwala kira. "Umma! Takalmina ɗaya ya ɓata!"

"Duba bayan kujera, inda kika yi jifa da shi!" Ta juyo, ta rage murya. "Amma ba ta Baba nake ji ba yau. Shi ya yi karatunsa, ya yi sunansa, ko gobe ya ajiye aiki ba a ce bai yi ba. 'Yar mutane fa? Shekararta ta ƙarshe. In aka kore ta, da wane ido za ka dubi waccan mai neman takalmin?"

"Zan yi magana a wurin."

"Magana ai ka iya ta. Ita ta kawo mu nan."

Ta ciro wata rigar daga cikin sif ta miƙa masa ba tare da ta dube shi ba.

*

Duk jami'ar ba wanda bai san ajin Dakta na ranar Alhamis ba.

Sauran malaman sashen tattalin arziki shigowa suke su buɗe takarda su yi ta karantowa, ɗalibai na kwafa har yatsu su ƙage. Shi kuwa in lakca ta kusa ƙarewa sai ya sa a ja kujeru a yi da'ira. Wani tsohon kwalin sabulu ya zagaya, kowa ya jefa wayarsa a ciki, tasa ce ta farko. Ya rufe ƙofa da hannunsa, ya nemi kujerar ɗalibi ya zauna a tsakiyarsu.

"To, yanzu ku ne malamai. Me muka koyar da ku daidai, me muka kwafsa? Ku fara da ni. Abin da aka faɗa a ɗakin nan, a ɗakin nan za a binne shi."

Da fari tsoro suka ji, suka zaci tarko ne. Sannu a hankali baki ya buɗe. Suka ce masa yana sauri kamar ana binsa a baya. Suka ce rubutunsa a allo sai ka ce kaza ta yi tsere a kai. Ya yi dariya, ya gyara. Da suka ga ba wanda aka kayar a jarrabawa, sai aka fara taɓa manya.

Ranar da aka taɓo Farfesa, Lauya ce ta taɓo shi.

Ba lauya ba ce, 'yan aji ne suka liƙa mata sunan, don ba a gama magana ba ta ɗaga hannun hagu ta ce, "Tare da girmamawa, Malam, ban gamsu ba." Siririya ce, muryarta ƙarama, amma in ta kama zance sai ta ga ƙarshensa.

"Tare da girmamawa, Malam," ta ce a ranar, "abin da Farfesa yake ba mu ba karatu ba ne, maimaici ne. Yayana ya yi ajinsa. Tun kafin in shigo ya gaya min, in Farfesa ya cire tabarau ya yi tari, to labarin mutumin da ya buɗe shagon mataji a unguwar masu sanƙo ne zai zo, sannan ya shafa nasa sanƙon. Kowa a ajin nan wani ya gaya masa. Shekaranjiya yana cire tabarau muka fashe da dariya, ko baki bai buɗe ba. Ya tsaya yana kallonmu kamar ya shigo gidan da ba nasa ba. Kamfanonin da yake misali da su sun mutu tun ba a haife mu ba. Na yi tambaya, ya ce in rubuta abin da aka ce in rubuta. To mu ɗalibai ne, ko injin kwafi?"

Ajin ya ɗauki sowa. Dakta ma ya yi dariya har da riƙe ciki, duk da Farfesa shi ya koyar da shi, shi ya ɗauke shi aiki, shi ya ba shi 'yarsa.

Da a nan ta tsaya, da an binne ta.

Sai ga taron horar da malamai kan sabuwar koyarwa, wadda ake sa ɗalibi a gaba. Baƙi suka zo daga jami'o'i daban-daban, aka ba Dakta lokaci ya yi bayanin da'irarsa. Rashin sa'a, bayan cin abincin rana aka sa shi. Yana magana, kawuna na rangaji. Babban baƙon da ya ƙwallafa rai ya burge yana ta latsa waya a ƙarƙashin tebur. Dakta ya ji zufa tana bin bayansa.

Sai ya ture takardarsa gefe.

"Bari in ba ku misalin abin da ɗalibi yake faɗa in ka ba shi 'yanci. Wani babban malami ne, a wata jami'a can..."

Ya ɗaga hannun hagu. Ya siranta murya. Ya cire tabarau, ya yi tari, ya shafa kai. Zauren ya kece da dariya, masu gyangyaɗi suka wartsake, babban baƙo ya ajiye waya yana buga tebur. Daɗin tafin ya hau wa Dakta kai, har ya manta cewa rabin mutanen da ke zauren ta ajin Farfesa suka bi, kuma duk tsangayar ɗaliba ɗaya ce tak take ɗaga hannun hagu ta ce ba ta gamsu ba.

Sai da ya juya zai zauna ya ga Farfesa a babban tebur. Shi ma tafi yake yi, a hankali, idonsa a kansa.

Ɗalibai ba sa shiga wannan taron. Har yau ba su san ta inda maganar ta fita ba.

*

Barandar ofishin tsangaya doguwa ce, benci ɗaya ne a cikinta, shi ma ƙafarsa ɗaya bulo ne. Dakta ya so ya wuce da sauri ya shige, amma tun daga matakala Lauya ta hango shi.

"Inna, ga shi nan. Ga malamin namu."

Wata dattijuwa ta yunƙura ta miƙe. Da ganin yatsunta ka san tela ce, duk sawun allura, ga ɗan zare fari maƙale a gefen mayafinta. Ta russuna tana gaishe shi.

"A'a, Mama, don Allah tashi, ni ya kamata in gaishe ki."

"Bar ni, ɗan nan, bar ni. Ai sunanka ya fi na kowa yawo a gidanmu. Malam ya ce, Malam ya ce, har 'yan'uwanta suka sa mata waƙa. Na rufe shago na taho, na ce ko ban iya komai ba in zo in ga mutumin da ya sa 'yata ta san ita ma mutum ce. Ka ga wannan? Tun tana ƙarama bakinta ke ja mata duka a makaranta. Kai kaɗai ka ce mata bakin nan ba ciwo ba ne."

Dakta ya ji kamar ana zuba masa ruwan zafi a ƙeya. Ya kafa ido kan zaren mayafin, don ba zai iya kallon fuskarta ba.

"Allah ya tsare ka da sharrin munafukai," in ji tsohuwar. "Shi kuwa wanda ya kwashi maganar yara ya kai, Allah ya tona shi a gaban jama'a."

"Inna, ya isa."

"Ai ban ambaci sunan kowa ba. Ka ce amin mana, Malam."

Leɓensa ya motsa. Shi kansa bai san abin da ya fito ba.

Lauya ta ja shi gefe, kusa da allon sanarwa. Idanunta sun kumbura, amma tsayuwarta na nan yadda ya san ta.

"Malam, kada ka damu. An kira 'yan ajinmu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce bai ji komai ba. Har waɗanda ba ma ga maciji da su. Ba su da shaida, dole su sake ni."

"Ki saurara, akwai abin da..."

"Kuma ba zan ambaci da'ira ba. Na san so suke su rufe ta, su haɗa da kai. Ko za a yanka ni sunanka ba zai fito daga bakina ba."

"Lauya..."

"Abin da ya fi ci min rai, ajin ya lalace. Kowa zargin kowa yake. Ka ga Alhamis ɗin da ta wuce ai, muka zauna kamar gidan makoki, ba wanda ya ce uffan. Aminiyata ma na daina yi mata magana, don an ce an gan ta a ƙofar ofishin Farfesa. Tana ta rantsuwa tana kuka, ni kuwa na kasa yarda." Ta ja numfashi. "Me za ka ce, Malam?"

Ga dama ta zo har gabansa, a tsaye, tana jiransa.

Ya dubi tsohuwar da ke kan benci tana yi masa murmushi.

"Cewa zan yi... ki kwantar da hankalinki."

Ƙofa ta buɗe, sakataren kwamiti ya leƙo da biro a bayan kunne.

"Ana jiranku."

*

Dogon tebur, fanka mai ƙara kamar tana tari, labule ruwan ƙasa da rana ta cinye gefensa. Malamai biyu na zaune a gefe guda, kowa ya sunkuyar da kai kan takardar gabansa kamar a nan aka rubuta ranar mutuwarsa. A can ƙarshen teburin, Farfesa ne zaune. Shi ya kawo ƙara, kuma shi ne shugaban kwamitin, don a tsangayar nan ba a taɓa haihuwar wanda zai ce masa ya koma gefe ba.

Dakta ya rusuna. "Barka da safiya, Baba."

"A nan ba ni da ɗa. Zauna, Dakta."

Ya zauna. An bar Lauya a tsaye.

Sakatare ya karanto tuhuma da muryar da ba ta da gishiri: tozarta babban malami a gaban jama'a. In ta tabbata, hukuncinta kora.

"Kin ji," in ji Farfesa. "Kin faɗa ko ba ki faɗa ba?"

"Ranka ya daɗe, ina neman a kawo wanda ya ce na faɗa."

Ɗaya daga cikin malaman ya yi gyaran murya don ya ɓoye murmushi.

"Lallai," in ji Farfesa, "sunan Lauya bai faɗi ƙasa ba. A ajin wa kika yi maganar?"

"Ba ni da abin cewa a kan ajin kowane malami."

"Kare shi kike yi?"

"Ban ambaci kowa ba, ranka ya daɗe."

"Na ce kare shi kike yi?"

Ta ɗaga haɓa.

Farfesa ya jingina da kujera. Dakta ya lura ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Sai tsohon ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Allah sarki. Yarinya, kin ba ni tausayi. 'Yan ajinku sun haɗa baki, na yaba musu, ban zaci suna da wannan zuciyar ba. Amma ni ban dogara da su ba. Shaidana yana ɗakin nan."

Lauya ta dubi malaman biyu. Ta dubi sakatare. Har ƙofa ta waiwaya ta duba. Shi kaɗai ne ba ta duba ba.

"Dakta, tashi."

Ƙafafunsa suka ɗaga shi ba da shawararsa ba.

"Yi mana yadda ka yi a gaban baƙi. Da hannun hagun, da 'yar muryar. Kada ka manta da tarin. Ka iya ƙwarai, ni da kaina na tafa maka."

Fanka ta ci gaba da ƙara.

Lauya ta juyo a hankali. Ba fushi a fuskarta, ba kuka. Kallonsa kawai take, irin kallon da take yi wa allo in lissafi ya ƙi fita.

"Malam?"

Ya kasa ɗaga ido sama da hannunta. Yatsunta sun damƙe bakin jakarta gam.

"Waɗanne baƙi, Malam?"

"Au, bai gaya miki ba?" in ji Farfesa. "Zaure cike, ga lasifika. Malaminki ya nuna wa duniya yadda ɗalibansa suke da 'yanci. Da ke ya yi tallan."

Dakta ya tattaro abin da ya rage masa na murya.

"Ranka ya daɗe, aji wurin tambaya ne. In ɗalibi ba zai iya faɗin ra'ayinsa a kan karatun da ake ba shi ba, to me ya kawo shi jami'a? Abin da aka faɗa a cikin aji bai kamata ya zama laifi ba. Malami yana da 'yancin yadda zai tafiyar da ajinsa, ɗalibi kuma..."

"Madalla. Na yarda."

Dakta ya tsaya, baki buɗe.

"Na ce na yarda. A cikin aji. Da a aji ta tsaya, da ban ji ba, da ba mu zauna nan ba. To wa ya fitar da ita daga ajin?"

Dakta ya kafa ido a kan tebur.

"Wa ya kai ta gaban jama'a, Dakta? Ita, ko kai?"

Malamin da ya yi murmushi ɗazu ya shiga goge tabaransa da gefen riga, ya yi ta gogewa.

"Abu biyu ne," Farfesa ya ci gaba, muryarsa ta koma ta lakca. "Ko dai ɗaliba ta faɗi maganar, kai kuma ka ji da kunnenka, to ka shaida, mu yanke mata hukunci mu tashi. Ko kuma ba wanda ya faɗa, kai ka ƙirƙira ka tsaya gaban malaman jami'o'i ka yi ƙarya da sunan bincike, don ka ci mutuncin wanda ya koyar da kai. In haka ne, ita ta tafi gida lafiya, kai kuma ka san inda takardarka za ta nufa. Wanne ne?"

Dakta ya ji ƙarar jininsa a kunne. Ofishinsa mai taga ɗaya, allon sunansa a ƙofa, shekarun da ya kwashe yana hawa, duk suka gifta masa. Ya ɗaga kai a karon farko tun da ya shigo.

"Ni na ƙirƙira."

Biron sakatare ya tsaya cak.

"Ba ɗalibar da ta faɗi haka. Na ga mutane na barci, na so a tafa min, na haɗa labarin, na ari yadda take magana na ɗora. Ba ta san komai ba. A sallame ta."

Da ya faɗa sai ya ji wani ɗan sanyi a ƙirji, na farko tun ranar taron. Har ya fara jin kamar ya zama mutum.

"To, alhamdu lillahi," in ji Farfesa. "Sakatare, rubuta. Ke kuma kina iya..."

"Ƙarya yake yi."

Muryar ƙarama ce kamar kullum, amma har fanka sai da ta zama kamar ta yi shiru.

"Lauya, ki yi shiru," in ji Dakta da sauri. "Ki fita kawai. Mahaifiyarki na jiranki."

"Kada ka ƙara ambatar mahaifiyata."

Ta ajiye jakarta kan tebur. 

"Ni na faɗa, ranka ya daɗe. Da bakina, a gaban 'yan ajinmu. Na ce maimaici kake ba mu. Na ce mun riga ka dariya. Na ce na yi tambaya ka hana ni. Ban faɗa don a yi maka dariya a zaure ba, wallahi ban faɗa don haka ba, kuma na ji ciwon abin da aka yi maka. Na faɗa ne don ina son in koyi abu a wurinka kafin in fita, kowa ya ce da can babu kamarka. Amma maganata ce. Ba zan janye ba."

Wani abu ya motsa a fuskar Farfesa, ya yi sauri ya danne shi.

"Kin san abin da kike jawo wa kanki?"

"Na sani."

"Don Allah," in ji Dakta. "Shekararki ta ƙarshe ce. Ki bari in gyara abin da na ɓata."

Sai a lokacin ta fuskance shi sosai.

"Ka gyara? Ka ɗauki maganata ka kai kasuwa don a tafa maka. Ka zauna kana kallonmu muna cin naman junanmu a aji, ba ka ce komai ba. Na zubar da aminiyata saboda kai. Ɗazu a waje na ce maka ko za a yanka ni ba zan faɗi sunanka ba, ka dube ni ka ce in kwantar da hankalina."

Hawaye ya zubo mata, ta share da bayan hannu kamar ya ba ta haushi.

"Yanzu kuma so kake ka ce ban ma taɓa faɗa ba. Ka ƙwace ta gaba ɗaya, ka fita a gwarzo, ni in fita a 'yar tsanar da aka ari muryarta. In yi digiri ina yi maka godiya har in mutu. Kai ka ce mana kada mu bari kowa ya yi magana a madadinmu. Ko shi ma na taron baƙi ne?"

Dakta ya nemi inda zai sa idonsa ya rasa. Ƙasa ma kamar kallonsa take.

Sakatare ya dubi wannan, ya dubi waccan.

"Ranka ya daɗe... shi ya ce shi ne, ita ta ce ita ce. Guda ɗaya takardar za ta ɗauka. Maganar wa zan rubuta?"

Farfesa ya daɗe yana kallon yarinyar, sannan ya mai da idonsa kan surukinsa.

"Ni tsohon yayi ne. An ce ban iya sauraron ɗalibi ba, abin da na ga dama nake sa a rubuta." Ya nuna Dakta da haɓa. "Ga gwanin sauraro nan. Ba shi biron."

"Ranka ya daɗe?"

"Na ce ba shi. Shi zai rubuta da hannunsa. Abin da ya rubuta, a kansa zan sa hannu."

Sakatare ya turo takardar ta bi dogon teburin har gaban Dakta, ya ɗora biro a kai, ya janye hannunsa da sauri kamar ya taɓa wuta.

Dakta ya ɗauka. In ya rubuta tata, ya kore ta da hannunsa. In ya rubuta tasa, ya tabbatar mata duk abin da ya koya musu ƙarya ne.

Bakin biron ya sauka kan takarda.

"Malam," in ji Lauya, a hankali, ba tare da ta ɗaga murya ba. "In ka sake taɓa maganata, ban yafe ba."